Gefen Hagun Katanga

Sati ɗaya da rufe kakar wasa ƙungiyar ƙwallon ta ɗauko sabon kocin 'yan baya, kuma tun ranar da ya iso abinci ya daina yi wa Katanga daɗi.

Mutumin bai zo da hayaniya ba. Siriri ne mai furfura a gefen kai, da jakar kwamfuta a kafaɗa, da wani ɗan littafi da ko banɗaki zai shiga sai da shi. Bai tara 'yan wasa ya yi musu jawabi ba, irin na sababbin kociyoyin nan da ke alƙawarin kofi tun ba su san ƙofar ɗakin canja kaya ba. Abu biyu kawai ya nema: bidiyon wasanni talatin da huɗu da aka buga a kakar da ta ƙare, da makullin ƙaramin ɗakin da ke jikin ofishin babban koci. Ya shiga ya turo ƙofa. Kwana biyar duk wanda ya gifta ta wurin sai ya ji ihun 'yan kallo yana tashi yana yankewa, yana tashi yana yankewa, mutumin yana ta mayar da abu ɗaya baya.

Mai wankin riguna ne ya fito da labarin, don shi ke kai masa shayi. Babban koci ya sakar wa baƙon ragamar baya gaba ɗaya. Ƙungiya za ta sayo ɗan baya ɗaya, saboda haka a cikin takwas ɗin da ake da su ɗaya zai kama gabansa. Ranar Juma'a mai zuwa za a miƙa wa shugabanni jerin sunayen waɗanda za a riƙe.

Katanga shi ne kyaftin. Shekara goma sha ɗaya yana tsaron tsakiyar baya ta ɓangaren hagu, 'yan kallo suka laƙaba masa sunan har nasa na yanka ya ɓace. Wanda ya kai nan bai kamata ya ji tsoron wani mai ɗan littafi ba. Amma shekarunsa talatin da uku, kuma yana da abin da yake ɓoyewa, abin kuma yana nan cikin bidiyon ga duk mai haƙurin kallo.

A wasa na goma sha tara aka yi bugun kusurwa. Ya tashi sama, wani ɗan gaba ya tashi tare da shi, gwiwar hannun ɗan gaban ta sauka a kan idonsa na hagu. Idon ya kumbura kwana huɗu ya sace. Likitan ƙungiya ya tsayar da shi gaban allon haruffa, ya karanta har layin ƙasa tsaf, aka ce ya koma fili. Shi allon haruffa ba ruwansa da gefe. Abin da ke gaban Katanga yana ganinsa tar, amma daga saitin kafaɗarsa ta hagu zuwa waje duniya ta ƙare masa. Ba ma duhu yake gani ba, babu ce kawai. Ƙato zai tsaya a wurin da tsayinsa da faɗinsa, shi bai sani ba.

Ya ja hula har goshi ya tafi wani asibitin ido can nesa da unguwarsu. Aka ɗora masa haɓa a kan wata na'ura, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ya daɗe yana jira bai danna ba. Likitar ta ba shi takarda mai da'ira, rabinta baƙi ƙirin. Ta ce wannan ba zai dawo ba, kuma in aka ƙara bugun wurin sauran ma na iya tafiya. Ta tambaye shi sana'arsa, ya ce mata tela ne.

Mutum biyu suka san zancen. Matarsa, wadda ta ninke takardar ta sa a ƙasan akwatin da take ajiye takardun haihuwar yara. Sai Rediyo.

Rediyo shi ne ɗan bayan gefen hagu, shekara takwas suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, gidajensu kuma layi ɗaya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya hutawa ko likita na duba masa haƙori. Ba wanda ya gaya masa. Shi ya gane da kansa, ranar da ya ga wani ɗan gaba ya bi ta hagun Katanga ya wuce kamar ya bi ta gefen turken fitila. A bas ɗin komawa ya zo ya zauna a hagunsa, ya ɗaga hannu daidai kunnensa.

"Yaya, kalli gaba. Yatsu nawa na ɗaga?"

Katanga bai ga ko hannun ba.

"To shi ke nan," in ji Rediyo. "Daga yau wannan ɓangaren nawa ne."

Tun daga nan surutun Rediyo ya zama aiki. Ɗaya a bayanka, biyu na zuwa, bar shi nawa ne, juya. In kuma ya ga murya ba za ta isa ba sai ya bar gefensa ya shigo tsakiya ya toshe wurin da jikinsa. Sau uku aka ci su ta gefen da ya bari a buɗe. 'Yan kallo suka zage shi tas har da uwa da uba, shi kuwa ya ce ai ko zagi ne an san da zamansa. Haka suka ƙarasa kakar, kuma shi ya riƙa ɗaukar Katanga a mota safe da yamma, wai hanyarsu ɗaya, me za a yi da mota biyu.

Ran Litinin sabon koci ya aiko a kira Katanga.

Ɗakin ƙarami ne, labule a sake. A bango akwai farin allon ƙarfe da aka zana fili a kai, da maganaɗisu takwas shuɗaye, kowanne ɗauke da lambar riga. Lamba biyar tasa ce, lamba uku ta Rediyo. Kujerar da aka nuna masa ta sa kocin ya faɗa hagunsa, sai ya yi kamar yana gyara zama ya karkatar da ita.

"Wasa na ashirin da shida, minti na sittin da ɗaya," in ji kocin. "Kyaftin, kada ka kalli ƙwallo. Kalli kanka."

Ya rage gudun hoton. Ga Katanga nan a allo, kai yana juyawa hagu, ya dawo, ya sake juyawa, ya dawo, kamar fankar tebur. Bai taɓa ganin kansa haka ba.

"Na ƙirga." Kocin ya buɗe ɗan littafin. "Kafin wasa na sha tara kana waiwayen hagu sau huɗu ko biyar a minti. Bayan nan ya koma sha ɗaya, sha biyu. Kuma ba ido kake juyawa ba, wuyan gaba ɗaya." Ya rufe littafin a kan yatsansa. "Me ya faru a wasa na sha tara?"

Zufa ta keto wa Katanga ta tsakiyar baya. A ransa har ya fara tunanin da wace fuska zai shiga gida.

"An buge ni, Koci."

"Na gani. Sau shida na kalla." Kocin ya jingina da kujera, karo na farko ya yi murmushi. "Yawancin mutane in aka buge su tsoro suke koya. Kai waiwaye ka koya. Shekara ashirin ina roƙon 'yan baya su riƙa duba kafaɗarsu kafin ƙwallo ta iso, ban taɓa samun wanda ya kai goma ba. A kanka zan gina bayan nan. Na riga na gaya wa babban koci a ƙara maka shekara biyu."

Bawan Allah ya yi ƙirgensa daidai, ko ɗaya bai kuskure ba, fassarar ce ta kife masa. Katanga ya saki numfashin da ya riƙe. Daɗin bai kai minti ɗaya ba.

"Yanzu kalli wannan."

Ƙwallaye ukun nan ne da aka ci su, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne kocin sai ya tsayar da hoton ya ɗora kan biro a kan Rediyo, wanda ya baro gefensa ya shigo tsakiya, sannan ya ja biron zuwa filin da aka bari fetal.

"Lamba uku. Me yake nema a nan? Kana tsaye, kana ganin komai, shi kuma ya bar ƙofarsa a buɗe ya zo taya ka aikin da ba ka nemi taimako ba. Sau arba'in da bakwai ya yi haka a wasanni goma sha huɗu." Ya ajiye biron. "Akwai wani ɗan gefen hagu da nake so, shekararsa ashirin da biyu, inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi. Amma ba na sallamar mutum da bidiyo kawai. Ran Laraba zan gan ku a fili. Ran Juma'a da safe ka zo ka gaya mini abin da ka gani, kai ka fi kowa saninsa."

Katanga ya fito. A farfajiya Rediyo na zaune a kan bonet ɗin motarsa yana ba mai gadi labari da hannu da ƙafa, mai gadin na ta dariya har da riƙe ciki.

Ran Laraba da hantsi suka hallara a filin atisaye. An aske ciyawa, ba kowa a benci sai babban koci da ya zo kallo da kofin shayinsa. Aka kawo 'yan gaba biyar daga ƙungiyar ajiya. Sabon kocin ya jera 'yan baya huɗu ya tsaya a gabansu.

"Doka ɗaya ce. Ba magana. A filin da mutum dubu talatin ke ihu murya ba ta wuce taku biyar. Layina da ido yake tafiya. In Kyaftin ya taka gaba kowa ya taka, a bar ɗan gaba a satar gida. Wanda ya buɗe baki ya fita."

Mutumin bai taɓa jin muryar Rediyo a fili ba, in ba haka ba da bai ce taku biyar ba. Amma wa zai gaya masa? Katanga ya waiwaya gaba ɗaya ya dubi Rediyo. Rediyo ya kama leɓɓansa da yatsu biyu ya murɗa kamar mai kulle ƙofa, 'yan wasa suka ƙyalƙyale. Katanga bai yi dariya ba.

Minti goma na farko ya tafi lafiya. Yana juya wuya har jijiyar na zafi, yana taka gaba, layi na binsa, sau uku suka bar 'yan gaba a satar gida. Ya ji kocin na tafi. Amma shirun nan na hagunsa ya fi masa ihun filin abokan gaba ban tsoro. Duk taku ɗaya ji yake kamar zai jefa ƙafa a rami.

Sai aka kai ƙwallo gefen dama, aka bugo ta sama zuwa tsakiya. Ƙwallon da ke tahowa daga dama dole ido ya bi ta, ba damar waiwaye. Katanga ya kafa mata ido, ya ja baya taku biyu, ya lanƙwasa gwiwa zai tashi.

"Yaya, sunkuya!"

Jikinsa ya bi umarnin tun kafin kansa ya fahimta. Ya duƙa, wani ƙaton ɗan gaba da ya taho a guje ta hagu ya wuce ta samansa, iskar goshinsa ta shafi kunnen Katanga. Da ya tashi, da goshin nan a kan idon zai sauka. Ya tsaya dafe da gwiwoyi.

Usur ya yi ƙara.

"Lamba uku, waje."

"Koci, a yi haƙuri, bakin ne. Ni ma a gida fama nake da shi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Kocin ya ciro ɗan littafin ya rubuta wani abu gajere. Ya dubi Katanga ya ce, "Ƙwallonka ce, ka gan ta, za ka ɗauka. Ya sa ka bar ta." Katanga ya gyaɗa kai.

A hanyar gida Rediyo na tuƙi, Katanga na kujerar gefe. In suna mota ba ya ganinsa sam, muryar kawai yake ji tana fitowa daga inda babu komai. Rediyo na ta lissafin wanda za a sallama. A ganinsa lamba sha huɗu ne, wanda ya fi daɗewa a gadon likita fiye da fili.

"Wai me ya ce maka ran Litinin?"

"Ba komai. Bidiyo kawai."

Motar ta yi shiru har suka wuce fitilar hanya biyu, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, Yaya," in ji muryar. "Ba zai gane ba. Ina nan."

Ran Alhamis da la'asar Katanga na zaune a falo, talabijin a kunne ba ya kallo. Sai ji ya yi an cafke masa wuya ta hagu. Ya zabura har ya ture kofin da ke kan tebur, ya daka tsawar da shi kansa bai san yana da ita ba. Auta ce, 'yarsa mai shekara biyar. Ta daɗe da gano cewa in ta lallaɓo ta wannan gefen Baba ba ya kama ta, ta mayar da abin wasa. Yarinyar ta tsaya tsuru-tsuru, sannan ta fashe da kuka ta ruga ɗaki.

Matarsa ta fito daga kicin ta kwashe fasassun kofin. Ta shiga ta rarrashi yarinyar. Da ta dawo, takardar nan mai da'ira na hannunta. Ta zauna a damansa, kamar yadda ta saba tun watannin nan.

"Baban Auta, tun Litinin ba ka ci abin kirki ba. Faɗa mini."

Ya faɗa mata duka, har da goshin da ya wuce ta kunnensa. Ta saurara tana murza gefen takardar.

"To gobe sai ka kai masa wannan."

"In na kai, na gama. Ba wannan ƙungiyar kaɗai ba, ba wadda za ta ƙara duba na. Kafin yamma labari ya zaga ko'ina."

"Rediyo fa?"

"Shi lafiyarsa ƙalau. Zai samu wata."

"Yana da shekara talatin da ɗaya, da shaidar koci cewa ba ya tsayawa a wurinsa? Wa zai ɗauka?" Ba ta ɗaga murya ba. "Matarsa ta shigo jiya aron abin guga, tana ta murnar an ce ba su ne za a sallama ba. Na rasa inda zan sa idona."

Ta juyo ta dube shi.

"Ni ba ma ta shi nake ba, Allah ya sani. In ya tafi, wa zai ce maka ka sunkuya?"

Wannan tambayar ita ce ta hana shi sakat tun jiya. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya. Yana tsoron goshin wani ƙato da bai gani ba, yana kuma tsoron safiyar da zai tashi ba inda za shi. Tun yana ɗan shekara sha huɗu bai san wani abu ba sai ƙwallo. Ko telan da ya ce wa likita shi ne, bai iya zura zare a allura ba. Tsoro na farkon mai yiwuwa ne, na biyun kuwa tabbas ne, kuma mutum in tsoro ya kama shi irin wannan lissafin yake yi ya ɗauka hankali ne.

"Tsoro nake ji, Maman Auta," ya ce. Bai taɓa faɗa mata haka ba.

"Na sani. Ni ma shi nake ji." Ta ninke takardar gida huɗu ta sa masa a aljihun rigar da zai saka gobe, ta rataye rigar a bayan ƙofa.

Da safe a mota Rediyo ya yi ta zuba a kan wani maƙwabcinsu da ya sayi kare ya fi shi tsoron ɓarayi. Katanga na jin takardar a ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen guga. Ya yi niyya. Har ya shirya kalmomin: Koci, akwai abin da ban gaya maka ba. Ya maimaita su a ransa tun daga ƙofar gida har ƙofar ɗakin.

Kocin na tsaye gaban allon ƙarfe. Maganaɗisu bakwai na cikin filin da aka zana, lamba uku na can gefe a kan layi, bai shiga ba bai fita ba. A kan tebur ga jerin sunaye an buga, layi ɗaya ne kawai ba a cike ba.

"Kyaftin, wani abu ya tsaya mini a rai," in ji shi. "Na koma na kalli wasanninsa na farkon kaka. Wasa goma sha takwas bai bar wurinsa ba ko sau ɗaya. Mutum ba ya lalacewa rana ɗaya haka kawai. Kuma ina son ƙafarsa ta hagu, irinta ba ta da yawa." Ya juyo. "Shi ya sa zan tambaye ka kai tsaye. Akwai wanda ya sa shi? Tsohon koci, ko kai? In umarni yake bi, ko akwai wani dalili da ban gani ba, laifin ba nasa ba ne. Zan riƙe shi in sallami sha huɗu."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Hannun Katanga ya tashi ya dafa aljihu. Ya ji kaifin ninkin takardar ta cikin yadi. Ya dubi allon, ya ga lamba biyar a tsakiyar baya, an zagaye shi da jan alƙalami, kibiyoyi sun fita daga jikinsa zuwa ko'ina. A ransa ya ga hannun kocin zai miƙa ya ɓamɓare shi. Kalmomin da ya taho da su tun daga gida ya neme su ya rasa.

"Ba wanda ya sa shi, Koci," ya ji bakinsa na faɗa. "Halinsa ne."

Kocin ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya gyaɗa kai. Ya sa yatsu biyu ya cire lamba uku daga allon, ya jefa a aljihun tebur ya tura. Ya zauna ya cike layin da ya rage.

"Na gode. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, abokinka ne."

Bayan azahar ɗakin canja kaya ya watse. Waɗanda suka tsira sun tafi hutunsu, lamba sha huɗu har da rawa a bakin ƙofa. Katanga ya zauna a benci gaban ma'ajiyarsa, ya kasa tashi. Ya san an kira Rediyo ofis, bai san ko ya fito ba, bai kuma da ƙarfin zuwa dubawa. Ɗakin tsit, sai famfon wanka da ke ɗiga. Ya ciro takardar ya warware ta a kan gwiwa, ya zuba wa baƙin rabin ido. Ya daɗe a haka.

Sai ya ji motsin takalmi. Rediyo ya zagayo ta bayan bencin ya ɓullo ta damansa, jaka a kafaɗa, hannunsa na dama a miƙe. Yadda ya riƙe hannun, ka san ya daɗe da miƙa shi. A hagu ya tsaya tun ɗazu, bakinsa a rufe, yana jira a gan shi.

Katanga ya miƙe, takardar ta kusa faɗuwa. Ya kama hannun.

"Koci ya ce ya tambaye ka," in ji Rediyo. Muryar a ƙasa take, kamar ba tasa ba. "Ya ce ka ce halina ne." Ya dubi takardar, ya dubi aljihun da ta fito. "Ai ba ka yi ƙarya ba."

"Ƙanena..."

"Bari, Yaya. Saurara, don ba zan maimaita ba. In aka bugo daga dama kada ka tashi, bar wa lamba huɗu, ka ce masa dabara ce. In kusurwa ce ka tsaya a turken raga na hagu, kowa ya zama a damanka. Sabon da za su kawo na san shi, mun yi wasa da su. Yaron kirki ne, amma ba ya magana, ko gaisuwa da gyaɗa kai yake yi." Ya zare hannunsa. "Mayar da wannan aljihu, mai wanki na tafe. Kuma ka nemi mai kai ka gida, ni ta wani wajen zan bi."

Ya fita ta ƙofar da ke hagu. Katanga bai ga fitarsa ba, ƙarar ƙofar kawai ya ji.

Bayan sati uku aka dawo atisayen share fage. Matarsa ce ta kawo shi, da zai sauka ta riƙe hannun rigarsa kaɗan sannan ta saki. Sabon lamba uku ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya russuna, ya tafi ya tsaya daidai inda aka ajiye shi, can jikin layi, taku goma sha biyar daga Katanga. Kocin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara musu tsayuwa. Da ya zo kan Katanga ya dafa kafaɗarsa ya ce wa sauran, "Ku kalli wuyan mutumin nan ku koya." Sannan ya ɗora yatsa a kan leɓe ya busa usur.

Ƙwallo ta zaga ta tafi gefen dama. Ɗan gefen ya ɗaga kai, ya bugo ta sama, doguwa, mai lanƙwasa, irin wadda shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa wuce kan Katanga ba. Lamba huɗu ya yi nisa, ba zai kai ba. Katanga ya kafa mata ido ya ja baya taku biyu. Ta hagunsa ya ji takun takalma a kan ciyawa, da gudu, suna matsowa, bai san na wa ba ne, bai san ko mutum nawa ba ne. Ya kasa kunne. Ba wanda ya ce komai.

Gwiwoyinsa suka lanƙwasa da kansu, ya tashi sama.